Lamba Biyu a Gefen Mita

Ranar Litinin da hantsi Mma Sanatu ta jingine babur ɗinta a ƙofar caji ofis, ta shigo tana tallabe da hannunta na dama. Sufeto Ziblim yana tsakiyar shan koko da ƙosai. Mutum ne da ba ya son a katse masa karin kumallo, amma duk unguwar Sakasaka an san Mma Sanatu mai ƙanƙara da zoɓo, an kuma san idan ta ɗauko magana sai ta dire ta.

Ta ɗan rusuna, suka gaisa a gurguje.

"Sufeto, ƙarar ɓarawo na kawo. Wumbei mai gyaran wuta."

Sufeto ya ajiye kofi. Mba Wumbei ya shekara talatin yana yawo da jakar kayan aiki a kan kekensa. Shi ake kira idan soket ya fara hayaƙi, ko fanka ta tsaya ana tsakiyar zafi. A nan Tamale ba mu da wani littafi na neman mai gyara. Kowane mai gyaran wuta yakan rubuta lambar wayarsa a bango, gefen mita, don ranar da abu ya ɓaci a ɗaga kai a gani. Rabin gidajen Sakasaka lambar Wumbei ce a jikinsu.

"Me ya sata, Mma?"

"Wayar ƙasa, wadda ke hana wuta jan mutum. Jan ƙarfe mai kauri, tun ta marigayi maigidana. Yau da safe na kama murfin firiza, wuta ta ja ni ta yar. Na leƙa bayan tanki, babu waya sai guntu."

"Ya aka yi kika san shi ne?"

"Ranar Alhamis ya zo gyara. Da bakinsa ya ce mini, irin wannan jan ƙarfen yanzu ko a kasuwar Aboabo sai an tona. Wa ya san da ita in ba shi ba? Kuma ranar Asabar na yi sunan jikata, gari kaf ya zo, shi bai leƙo ba. Mai gaskiya yana gudun tuwon suna?"

Sufeto ya ƙarasa ƙosansa, ya kira Kofur Lariba, suka bi bayanta.

Gidan yana ta ƙamshin sabon fenti, kore shar, wanda aka yi ranar Laraba saboda suna. Sufeto ya matsa jikinsa ta bayan tankin ruwa da ƙyar, domin koko da ƙosai na shekara ashirin ba sa tafiya a banza. Can a lungu ya ga turken ƙarfe a kafe cikin ƙasa, da guntun waya tsawon ɗan yatsa. A jikin bango kuma ga wani siririn layi fari ya miƙe daga mita har ƙasa, inda fenti bai taɓa ba.

"Kofur, me kika gani?"

"Mai fenti ya bi ta kan wayar, yallaɓai. Da aka cire ta sai tsohon bango ya fito."

"Wato duk inda wayar nan take yanzu, koriya ce."

Ya juya wajen mita. Lamba biyu ya gani a kan sabon fentin. Ta sama da gawayi aka yi ta, a karkace, wani adadi yana hawa kan wani. Ta ƙasa kuwa da shuɗin alƙalami mai kauri, a miƙe tsaf.

"Ta gawayin ta wa ce?"

"Ta Wumbei," in ji Mma Sanatu. "Fenti ya rufe tsohuwar, ya sake rubutawa ranar Alhamis."

"Shuɗiyar fa?"

Ta matso ta ƙura ido. "Wallahi yau na fara ganinta."

Suka sami Mba Wumbei a rumfarsa bakin titi, yana kwance cikin wata tsohuwar fanka. Labari ya riga su isa. Tun safe mutum biyu sun aiko cewa kada ya zo aikin da suka kira shi, sun fasa. Dattijon ya miƙe ya ba Sufeto benci.

"Mba Wumbei, me ya kai ka gidan Mma Sanatu ranar Alhamis?"

"Wutarta ce ke yankewa. Firiza, dutsen guga, tukunyar dafa ruwa, duk ta tara su a soket guda. Jaki ma in ka yi masa haka zai kwanta. Na raba mata su. Na kuma gaya mata firizar nan tana yoyon wuta, wayar ƙasa ce kawai ke kwashewa tana zubarwa, ta kai a gyara."

"Ka yaba wayar?"

"Na yaba. Wanda ya san aiki in ya ga abu mai kyau ai sai ya faɗa."

"Ranar Asabar kana ina?"

Wumbei ya dubi fankar. "Savelugu. Gaisuwar mutuwa."

"Wa ya rasu?"

"Wani... ɗan uwan matata."

Sufeto ya gode masa, suka fito. A hanya ya ce wa Kofur Lariba ta tsaya wajen masu keke mai ƙafa uku da ke layi a bakin titin, ta tambaya. Ba ta daɗe ba ta dawo.

"Ƙarya ya yi, yallaɓai. Wani direba ya ce shi ya ɗauke shi ranar Asabar da safe, kuma cikin gari ya sauke shi."

Ran Sufeto bai yi daɗi ba. Wumbei ne ya ja masa wuta a gidansa lokacin yana ƙaramin ɗan sanda, ko ƙwan lantarki ɗaya bai taɓa mutuwa don kuskurensa ba. Amma aiki aiki ne. Bayan azahar ya koma rumfar shi kaɗai.

"Mba, babu wanda ya mutu a Savelugu."



Sufeto ya ɗauki guntayen waya biyu daga kan tebur, ja da ruwan ƙasa, ya ɗaga su daga inda yake zaune. "Wacce ce ja?"

Wumbei ya runtse ido, ya buɗe, ya sake runtsewa. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya tura hannu can ƙasan jakarsa ya zaro tabarau sabo fil, a naɗe cikin tsumma.

"Asibitin ido na je. Wata shida ke nan sai na kawo abu dab da hancina. Sufeto, wa zai kira mai gyaran wuta da ba ya gani? Gara a ce na tafi gaisuwa."

"Gara a ce kai ɓarawo ne?"

"Ban zaci abin zai kai nan ba."

"Tun a gefen mita na gani. Lambarka kamar kaza ta yi tsakure a bango. Sa tabaran nan ka duba mini wannan." Ya miƙa masa takardar da ya kwafi shuɗiyar lambar.

Wumbei ya maƙala tabarau, ya karanta. "Sayibu ne. Wanda suke kira Walƙiya. Bara ya buɗe shago a Choggu. Hannunsa da sauri, amma ba ya kashe babban makunni kafin ya taɓa waya. Na faɗa masa wata rana wuta za ta koya masa."

Sufeto ya koma gidan Mma Sanatu, ya aro riga ta saƙi wajen ɗanta ya ɗora a kan kakinsa, ya zauna a tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Kofur Lariba ta shige ɗaki wajen mai jego. Aka kawo masa zoɓo mai sanyi, wanda aka ciro bayan an zare firizar daga soket.

"Mma, kira shuɗiyar lambar. Ki ce firiza tana jan mutane, ki ce da gaggawa. Kada ki ambaci wayar ƙasa, kada ki nuna masa komai."

Ko minti goma sha biyar ba a yi ba sai ga ƙarar babur. Sayibu ya shigo da jar hula da jaka a kafaɗa, baki har kunne.

"Mma, kin kira inda ya dace. Walƙiya ba ta jira."

Sufeto ya ɗaga kofinsa daga kan tabarma. "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ni ƙanin marigayi ne, daga ƙauye. Ka saba zuwa gidan nan?"

"Yau ne farko, Baba."

"To ya aka yi lambarka ta zo bangonmu?"

"Masoya ne. In na yi wa mutum aiki ya ji daɗi, sai ya yi ta rubuta ni a gidajen 'yan uwa."

"Allah ya ƙara masoya."

Sayibu bai tambayi inda firizar take ba. Bai ciro abin gwada wuta ba, bai dubi soket ba. Kai tsaye ya nufi bayan tanki, ya karkata kafaɗa ya shige lungun kamar ɗakin uwarsa. Ya fito yana girgiza kai.

"Mma, an cuce ki. Babu wayar ƙasa. Tsofaffin masu gyaran nan sai a hankali. Amma kin yi sa'a, ina da irinta a jaka, jan ƙarfe na asali."

Ya zaro naɗin waya mai kauri, tana ƙyalli, an goge ta da takarda mai yashi.

"Mu gani," in ji Sufeto. Ya karɓa, ya warware ta a rana, ya sa babban yatsa ya murɗa ta baya, siraran wayoyin cikinta suka buɗe. A tsakaninsu, inda yashi bai kai ba, fenti ne kore shar. Ya tashi ya kara ta da bango. Launi ɗaya. Ya miƙa ta kan farin layin nan, daga mita zuwa guntun da ke jikin turke. Ko ɗan yatsa ba ta rage ba.

Sannan ya cire rigar saƙin, ya ninke ta a hankali, domin ta aro ce.

Sayibu ya dubi kakin, ya dubi ƙofa. Kofur Lariba tana tsaye a bakinta.

"Ba ka taɓa shigowa ba, amma ka san bayan tanki. Ciro abin da ke aljihun gabanka."

Shuɗin alƙalami ne mai kauri.

"Yallaɓai, ranar suna ne," in ji Sayibu. "Na biyo masu kiɗa na shigo, na ci tuwo. Da na je wanke hannu a tanki sai na gan ta. Hankalin kowa yana wajen rawa."

"Ka yanke, ka tafi. Me ya tsayar da kai rubuta lamba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na san wuta za ta fara jan su, dole su nemi mai gyara. Kuma yallaɓai, mai gyaran wuta ba ya ganin sabon fenti a gefen mita ya wuce."

"Da mai jego ce ta kama murfin nan da jaririya a hannu fa?"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kofur Lariba ta sa masa ankwa, ta rataya jakarsa a kafaɗarta.

Suna fitowa sai ga Mba Wumbei yana turo kekensa, don Sufeto ya aika a kira shi. Tabarau yana kan hancinsa, a fili, gaban duk maƙwabtan da suka taru. Mma Sanatu ta durƙusa har ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba a Sakasaka.

"Mba Wumbei, na ci naman bayanka. Ka yafe mini."

"Tashi, Sanatu. Tuwon suna dai ina binki bashinsa."

"Wannan gilashin fa?"

"Na ganin ɓarayi ne."

Aka yi dariya. Ya shiga ya kashe babban makunni tukuna, kamar yadda ya saba, ya ce zai ja wata wayar kafin kotu ta sako ta asali. Sufeto ya tasa Sayibu gaba zuwa caji ofis. Da ya waiwaya daga bakin ƙofa, ya hango dattijon ya jiƙa tsumma ya goge karkatacciyar lambarsa, ya ɗauki gawayi yana sake rubuta ta a saman shuɗiyar, manya-manya, a miƙe.