Babin Kogi

Ranar da suka fara haɗuwa, da faɗa aka buɗe.

A babban ɗakin taro na kwalejin horar da malamai ne, fanka ɗaya na juyi, ɗaya ta mutu. An tara malaman firamare daga ƙasashe huɗu da kogi guda ya ratsa, don su rubuta littafi ɗaya da zai koya wa yara yadda za a ci moriyar ruwa da ƙasa da itatuwa ba tare da an cinye rabon jikoki ba.

Wani dogon malami daga ƙasar da ke ƙetaren kogin ya haska hoto a bango.

"Wannan gaɓar ta ɓangarenku ce," in ji shi. "Masu ɗibar yashi sun rarake ta, ƙasa na zubewa cikin ruwan da dukkanmu ke sha."

Wata malamar kimiyya ta miƙe daga layi na uku, ko hannu ba ta ɗaga ba.

"Malam, ka nuna namu, madalla. Ina hoton majemar da ke zubo baƙin ruwa daga ɓangarenku? Ko kyamarar taka ba ta ganin gida? Laifi tudu ne fa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta, har ya manta da abin da ke bango. Shugabar taron ta buga tebur ta ce, "Tunda kun iya gardama, babin kogi naku ne ku biyu. Ku je can ku ƙarata."

Lokacin shan shayi ya same ta a bakin taga.

"Sannu, 'Yar Gardama."

"Yauwa, Ɗan Ƙetare. Shayin ma da ruwan majema aka dafa?"

Sunayen da suka bi su ke nan.

Da taro ya watse kowa ya koma ƙasarsa, sai aiki ya koma waya. Ita ta turo shafi, shi ya gyara, ta mayar da rabin gyaran yadda yake tun farko. Wata rana saƙonsa ya shigo tana cikin duba aikin ɗalibai:

"'Yar Gardama, na cire 'gurɓacewa' kamar yadda kika ce, na sa 'ɓacin ruwa'. Yarana sun gane nan take. Kin ci abinci?"

Ta amsa: "Shafin ya yi. Amma tambayar ƙarshe ba ta cikin manhaja."

"To zan kai ta gaban kwamiti."

Ta kife wayar a kan tebur tana murmushi, har abokan aikinta suka fara haɗa ido.

Taro na biyu a ƙasarsa aka yi. Ya kai ta makarantarsa, ta ga ɗalibai suna tace ruwan kogi da yankakkun robobi da tsakuwa da gawayi, wasu suna ban ruwa ga dashen da ke bayan aji. Da suka fito ya rage murya.

"Ina so in zo gidanku in gai da Baba."

"Gidanmu ba ɗakin taro ba ne."

"Na sani. Shi ya sa gabana ke faɗuwa. Sanyin idona, babin nan ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban ga ranar da zan gaji da gardamarki ba."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ka bari littafi ya fito tukuna."

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, mahaifinta ne shugaban ƙungiyar masu yashi na garinsu. Da kuɗin yashi ta yi karatu. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa, goben ba ta zo ba.

Aka buga samfurin littafin aka raba wa makarantu. Kwafi ɗaya ya faɗa hannun Mai Tifa, matashin abokin cinikin Baba, wanda ya daɗe yana aiko mata da turare tana mayar masa. Bai yi wata-wata ba ya kai wa Baba, ya buɗe masa shafin da ya dace.

Ta dawo daga makaranta ta tarar da Baba a falo, littafi a kan gwiwa. A tsakiyar babin kogi ga hoton gaɓa ta rufta, ga shuɗiyar tifar Baba a gefe, har lambarta ana karantawa. Ita ba ta taɓa ganin hoton ba, don Ɗan Ƙetare ne ya zaɓi hotuna.

"Motar wa ce wannan?"

"Taka ce, Baba."

"Sunan wa ke ƙarƙashin babin?"

"Nawa ne."

"Da na wani ɗan ƙetare, wanda na ji har yana shirin zuwa gidana. Na ɗauki yashi na kai ki makaranta, kin dawo kina koya wa 'ya'yan mutane cewa ubanki mai ɓarna ne. To ki ji: ki cire sunanki, ki fita harkar yaron nan."

Ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Baba, hoton nan kuskure ne, kuma za a cire shi, na yi maka alkawari. Amma abin da na rubuta gaskiya ne. Kai ka hana ni ƙarya tun ina ƙarama. Ka gafarce ni, ba zan cire sunana ba."

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Daga ranar, in ta gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu.

Ta huce a kan Ɗan Ƙetare ta saƙon waya: "Ashe duk motocin duniya ta ubana ka zaɓa? Ka rama abin da na yi maka a taro, ka kyauta. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo: "Wallahi ban san ta Baba ce ba. Ban ma san Baba na da mota ba. Ki buɗe shafi na gaba, don Allah." Ba ta buɗe ba, ta jefa littafin cikin durowa.

Mai Tifa ya ga dama ta samu. Ya faka a ƙofar makaranta ana tashi, ya sauke gilashi.

"Malama, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Me za ki yi da mai cin alli, baƙo kuma? Ni ko yau kika ce to, kin daina shan rana."

"Kai ka kai wa Baba littafin?"

"Taimako na yi."

"To Allah ya biya ka daidai da niyyarka. Matsar da motar, yara za su wuce."

A ƙarshen makon sai ga Ɗan Ƙetare a ofishin malamai, takalmi duk ƙurar hanya. Ya buɗe nasa kwafin ya ajiye a gabanta. Hoton majema ne, baƙin ruwa na gangarawa kogi.

"Ta Yayana ce," in ji shi. "Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun da ya gani bai amsa gaisuwata ba. Kin ce kyamarata ba ta ganin gida, shi ne na koya mata. Ke kuma, 'Yar Gardama, me ya hana ki gaya mini sana'ar Baba?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Tsoro na ji kada ka raina shi."

"Mutumin da ya haife ki?"

Nan suka shirya. Suka yanke shawarar a mai da hotunan biyu zane, babu lamba, babu motar kowa. Rubutu kuwa ko wasali ba za a taɓa ba.

Sai dai ƙungiyar masu yashi ta riga ta kai ƙara ma'aikatar ilimi. Darakta ya kira ta ofis, ya ce za a cire babin daga bugun ƙasarsu a huta.

"Ranka ya daɗe, in mun cire namu, gobe na ƙetare su cire majema, na saman kogi su cire sare itace, na ƙasan kogi su cire shara. Sai a raba wa yara bango. Ruwan da ya bar mu yau, gobe a randar wasu zai kwana, shi ya sa muka haɗu mu huɗu."

"Malama, kin san ana canza wa mutum wurin aiki?"

"Ku kai ni ƙauyen da ya fi nisa. Can ma akwai allo."

Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. Ya ce zai jira ya ji daga sauran ƙasashen. Kafin mako ya zagayo, malaman ƙasashe ukun sun aiko da murya ɗaya: ko littafi da babin kogi, ko babu littafi. Maganar cirewa ta tsaya cak.

Saura Baba. Ɗan Ƙetare ya same shi a filin da ake tara yashi, zaune a rumfar kwano, leburori na loda mota. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba da haƙuri a kan hoton.

"Kai ne mai littafin?" in ji Baba. "Ba na son doguwar magana. Ka janye babin nan da hannunka, in ba ka ita."

Saurayin ya ce, "Baba, babu abin da nake so a duniya kamar ita. Amma in na janye, ita ce za ta fara ƙina, kuma da gaskiyarta. Ba zan iya ba."

"Dubi mutanen can. Kowanne da iyali a bayansa. Ajin da kake tsayawa kana surutu, da me aka gina shi? Da takarda? Kun rubuta wannan?"

Saurayin ya dubi leburorin. Sannan ya ce, "Ba mu rubuta ba, Baba, kuma gaskiyarka ce. Ka faɗa mana da bakinka, mu sa a littafin da sunan masu yashi."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Labari ya kai kunnen Gwaggo, yayar Baba, wadda ita kaɗai ke iya kiransa da sunan yarinta. Ta zo da la'asar, ko zama ba ta yi ba.

"Auta, da yaron nan ya ce to, da ka ba shi 'yarka? Wanda ya sayar da maganarsa don mace, gobe da me zai riƙe macen? Kuma lambun mahaifiyarmu da ke bakin gaɓa, yana ina yanzu? Na yi shiru ne don kai ne, ba don ban ga abin da ya cinye shi ba. Yarinya ta gado taurin kanka, kana fushi da madubi."

Baba ya kwana biyu yana zagaye gida kamar mai neman abin da ya ɓata. Sannan wata safiya, 'yarsa tana ɗaura igiyar takalmi, ya tsaya a kanta.

"Kira min wannan mai taurin kan. Ki ce ya zo da biro."

Yini guda suka yi a falo. Baba na faɗa, saurayi na rubutu, ita tana katse su duka biyun. Baba ya faɗi yadda ake wahalar yashi da bakunan da yake ciyarwa. Ta ce to ramin da ke cin gaɓa fa? Aka yi ta ja, har Baba ya yarda da bakinsa cewa ɗiba a gindin gaɓa ganganci ne, kuma zai kai maganar gaban ƙungiya, ko da za su tsige shi. Da kwamiti ya ga shafin, sai ya ce kowace ƙasa ta kawo irinsa: majema, masunta, masu gawayi, kowa ya faɗi nasa yara su auna.

Da yamma, bayan baƙon ya tafi, saƙonta ya bi shi a hanya: "Masoyina, Baba ya ce ka turo manyanka. Ya ce wai ba don yana son ka ba ne."

Ya amsa: "Ki ce masa na gode. Ni ma haka 'yarsa ta fara da ni."

Ranar ɗaurin aure malamai suka zo daga ƙasashe huɗu, mota bayan mota. Yayan ango ma ya zo, fuska a ɗaure, aka zaunar da shi kusa da Baba. Kafin a shafa fatiha an gan su kai a haɗe, suna kukan yadda yaran zamani ba sa jin magana.

Da za a tafi da amarya, ta durƙusa gaban Baba tana kuka. Ya ɗora hannu a kanta, ya juya ga ango.

"Ga ta nan. Ban taɓa cin ta a gardama ba, kai ma kada ka sa rai. Har yanzu akwai layi biyu a littafinku da ban yarda da su ba, za mu yi magana in kun huta." Muryarsa ta karye, ya yi gyaran murya. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a masu faɗa muku gaskiya ko ba ku so, ya ba ku haƙurin saurarensu fiye da wanda ya ba ni."

"Amin, Baba," in ji su tare.

Gwaggo ta ce, "Amin. Auta, goge idonka, mutane na kallo."