Ƙarfe Mai Baki Huɗu

Rana ta faɗi, duhu bai gama zama ba, lokacin da dutse na farko ya sauka a kan kwanon gidan Tela. Yana falo, ya miƙe ƙafa yana jiran labarai. Ya ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, ya leƙa waje ya zazzaga faɗa, bai ga kowa ba, ya dawo. Bai gama zama ba na biyu ya sauka, daidai saitin talabijin, hoton ya watse ya koma yashi.

Dama hoton nan ya kai shi bango. Kwanakin baya ya raba wayar eriya gida biyu, ɗaya falo, ɗaya ɗakin mahaifiyarsa da ke can ƙurya. Inna irin tsofaffin nan ce masu hira da talabijin. Ana labarai sai ta tambayi wane ne wannan, me ya ce, ɗan wa ne, har mutum ya rasa kan zancen. Tela ya gaji. Ya sayo mata ƙaramar talabijin ta hannu, wai don ta huta da takowa falo. Kowa a gidan ya san wanda ke neman hutun.

Ƙarfen raba wayar kuwa a bakin titi ya saye shi, cikin faranti ɗaya da makullai da batura. Mai talla ya nuna masa mai baki biyu da mai baki huɗu, Tela ya ce wane wawa ne zai bar huɗu ya ɗauki biyu. Abu sakayau kamar kwalin ashana, bayansa an liƙe da gam. Ya hau silin ya ɗaura, ya bar baki biyu a buɗe. Ai kuwa araha ba ta ado. Tun ranar hoton falo ke rawa, na Inna mai doguwar waya kuwa sai murya cikin yashi. Ta yi magana, ta sake yi, ya ce iska ce, zai duba. Bai duba ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da magariba, daidai lokacin wasan kwaikwayon da Inna ke bi, sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. In sun lafa, sai a ji tsaki daga cikin silin, dogo, irin na wanda aka ɓata wa rai. Tela ya hau kwano ya juya eriya gabas da yamma, matarsa na ƙasa tana cewa ya yi, ya ɓace, ya yi, ya ɓace. Ya sayo sabuwar eriya, a banza. Ɗinkin mutane ya taru a shago, kansa ya ɗauki zafi, har ya daina amsa gaisuwa da kyau.

Sai abin ya faɗa kan Auta, 'yarsa budurwa. Ta kai wa kakarta ruwa da yamma, ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta ƙura wa silin ido. Ba ta ci, ba ta magana, sai wannan tsakin da suka sani ya riƙa fita daga bakinta. Nan Tela ya ji tsoro na gaske. Ya je da kansa ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya, dattijo wanda ba ya gaggawa.

Malam ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu a hankali. Can jikin Auta ya ɗauki rawa, ta buɗe baki, murya ta fito ta tsohuwa tukuf.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

Ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce ita aljana ce, yarinya ba ta yi mata komai ba, bakinta kawai ta ara, don ta yi jifa ta yi tsaki an ƙi ganewa. Ta riga su zama gidan, kuma ba ta taɓa ko cokalinsu ba. Da magariba take saukowa ta zauna bayan tsohuwa su yi kallo.

"Ɗanta ya kore ta ƙurya, na bi ta. Sannan ya ba mu yashi. Wancan kwalin da ya ɗaura a silin ne, kwana nake kusa da shi, na san abin da yake yi."

Tela ya sunkuyar da kai don kunya da haushi. Malam ya ce mata duk da haka zalunci ta yi, ya umarce ta ta fita. Ta nemi a ja mata waya daga baki ɗaya cikin biyun da ke zaune ba aiki. Malam ya ce ba ta da ɗaki a gidan nan, ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara, ta sauko: a gyara hoton ta ga ƙarshen wasan, sai ta bar gidan har abada. Ya sa ta rantse, ya ce yarinya kuwa yanzu za ta sake ta. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Washegari Tela ya tafi shagon kayan lantarki na gaske. Mai shagon ya ɗora masa wani ƙarfen raba waya a tafin hannu ya ji nauyi, ƙarfe ne gaba da baya, an rufe shi da dalma. Ya ce a sayi baki daidai yawan talabijin, don kowane baki sai ya ja rabonsa ko ba a sa masa waya ba. Ya nuna masa 'yar lambar da ke jikin kowane baki, ya ce in ta fi ƙanƙanta, asarar ƙarfin hoto ta fi kaɗan. Tela ya ɗauki mai baki biyu da sababbin kawunan waya, ya hau silin da bismillah ya murɗa su tam.

Hoto ya fito tar a ɗakunan biyu. Ba dutse, ba tsaki. Ranar da wasan ya ƙare, aka ji motsi a silin kamar ana naɗe tabarma, daga nan shiru.

Washegari da magariba Tela na falo shi kaɗai, labarai na tafiya ba mai katse shi, yadda ya daɗe yana so. Sai ya jiyo muryar Inna daga ƙurya tana tambaya, "Me ya ce?" Ta saurara kaɗan, ba ta sake ba. Ya daɗe zaune, labaran sun daina shigarsa. Ya kashe talabijin ya nufi ɗakinta.

Ba ta juyo ba. "Na yi maka maganar hoton nan har bakina ya gaji," in ji ta. "Sai da aljana ta faɗa ka ji."

Wani mutum ya fito a allon yana jawabi, Inna ta nuna shi da haɓa ta ce wane ne wannan kuma. Tela ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya fara yi mata bayani.