Usur ɗin Ayuba

Da hantsi gawar ta iso barikin Madawa a kan gadon kara, mutanen Azarori na ɗauke da ita. A bayansu gardi Tsoho, dogarin bariki, yana jan wani Bafillace da igiya a ƙugu, bakin Bafillacen a fashe.

Shekarar 1947 ce, damina ta ja baya, gero ya fara nuna. Mamacin yaro ne ɗan lakwal, wato makarantar boko, Ayuba, shekarunsa ba su wuce sha shida ba. Yana cikin 'yan sikut, samarin nan masu ɗaura jan ƙyalle a wuya, waɗanda malaminsu Mushe Yusufu kan kwasa zuwa ƙauyuka su yi aikin gayya. Wannan karon rijiyar Azarori suka je yashewa.

Kumandan, Baturen da ke mulkin barikin, bai ɓata wa kansa lokaci ba. An ce masa Bafillacen, Jika, ya ɗaga wa yaron sanda a bakin rijiya da safe, da magariba kuma aka gan shi da gawar a kan takarkarinsa. Shi ke nan, shari'a ta ƙare! Ya ce a jefa shi kaso, kurkukun bariki, ranar kasuwa a saka shi kamiyo, babbar motar Tawa. Wanda ya shiga kamiyon nan da laifin kisa kuwa, ba a cika sake jin labarinsa ba.

Sufeto Ɗangana ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Dogo ne, mai ƙarancin magana, mai yawan cin goro. Ya nemi Kumandan ya bar shi ya duba kafin kamiyo ya tashi. Kumandan ya ɗaga kafaɗa.

A ƙofar ɗakin likita ya tarar da uwar yaron, Mairamu, zaune a ƙasa, ta yi kuka har murya ta dishe.

"Sufeto, ku kashe shi kamar yadda ya kashe mini ɗa," in ji ta. "Su biyu na shayar, shi da Kalla maraya, ɗan ƙawata. Yanzu ɗaya ya rage mini."

"Allah shi ba ki haƙuri, Inna," ya ce, ya shige.

Likita ya yaye zanen. Ƙafar Ayuba ta hagu a karye take, an sa mata itace biyu, an ɗaure sama da jan ƙyalle, ƙasa da igiyar kaba. Ƙullin ya kwanta lafiya lau, ba tudu, bakin nan ya koma nan, wancan ya koma can.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Haka ya zo mini," in ji likita. "Amma dubi yadda naman ya kumbura kewaye da ɗaurin. Da ransa aka yi shi. Kuma ya jima kafin ya cika, jini ne ya yi ta zuba a cikinsa. Da an kawo shi da wuri, wa ya sani."

"Shi ya ɗaure kansa?"

Likita ya ɗaga hannun daman yaron, ya sake shi a hankali. A karye yake tun daga wuyan hannu.

Sufeto ya duba rigar. Wata farar igiya na ɗaure a kafaɗa, bakinta ya shiga aljihu. Ya jawo ta. Ba kome a jikinta. Ba a yanke ta ba, ba a tsinke ta ba, bakin yana nan a lanƙwashe inda aka kwance abin da ke ɗaure.

A kaso, Jika na tsugune a lungu, ido ɗaya a rufe.

"Ka ɗaga masa sanda?"

"Na ɗaga. Shanuna sun kwana ba su sha ba, yara sun tare rijiya suna fitar da laka. Na yi fushi. Amma ban taɓa shi ba, wallahi. Shi ma dariya ya yi, ya ɗebo musu guga biyu."

"Ina ka same shi?"

"Cikin kwazazzabo, ƙarƙashin gaɓar da ta zube. An jawo shi inuwar wata aduwa. Ya riga ya yi sanyi. In bar ɗan mutane ga kuraye? Na aza shi bisa takarkarina na kai gari, suka hau ni da duka."

Sufeto ya ciro guntun igiya ya miƙa masa. "Ɗaure mini ƙafata kamar ta karye."

Jika ya ɗaure. Ƙullin dabaibayi ne, irin na ƙafar saniya, mai tudu kamar dunƙulen hannu. Sufeto ya duba, ya kwance, ya fita.

Washegari da sassafe suka hau dawakai shi da Tsoho suka nufi Azarori. 'Yan sikut na nan zangonsu bayan gari, Kumandan ya hana su tashi. Bukkokin kara a jere, murhu a share, tulin baƙar laka a gefen rijiyar da ba a gama yashewa ba. Yaran sun yi jugum, ko tukunya ba a aza ba.

Mushe Yusufu ya taro shi, wando ya sha guga, gashin baki a gyare.

"Faɗa mini abin da kuka yi ranar."

"Da safe aikin rijiya. Bayan azahar wasan bin alama. Ni na shimfiɗa alamun da duwatsu tun daga nan har gindin tsauni. Kibiya tana nufin bi nan, gicciye yana nufin kada ka bi. Shugabannin rukuni biyu ne suka yi takara, Kalla da Ayuba. Kalla ya fara tashi, Ayuba ya bi baya. Wanda ya fi saurin dawowa shi za a kai babban taron sikut a Yamai."

"Kai kana ina?"

"Nan zango. Ban motsa ba."

"Mene ne a bakin farar igiyar nan ta kafaɗa?"

"Usur. Ni da shugabannin biyu muke da shi. Busa uku a jere, wani na cikin haɗari ke nan, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga."

"Kun ji busa ranar?"

"Ko ɗaya."

"Wa ya iya ɗaurin karaya a cikinku?"

"Ni na koyar. Su biyun nan kaɗai suka ci jarrabawarsa."

Aka kira Kalla. Siriri ne, idanunsa sun yi ja, usur ɗinsa na nan a igiyarsa.

"Ka ga Ayuba a hanya?"

"A'a, ranka shi daɗe. Na bi alamu na kai gindin tsauni na komo. Amma na hangi Bafillacen nan wajen mararraba, shina riƙe da sanda."

"Ka san inda ya faɗa?"

"Ban taɓa zuwa wajen ba. Mu duka ba mu san wurin ba. Gawarsa muka gani cikin gari."

Muryarsa ba ta yi rawa ba. Hannunsa ne dai ya ƙi barin ƙirjinsa, sai shafa gaban riga yake yi.

Sufeto ya bi alamun da ƙafa. Kibiya bayan kibiya, duwatsu a jere tsaf, har mararraba. A bakin hanyar hagu, wadda ta nufi kwazazzabo, ga kibiya kyakkyawa. Ya durƙusa. A ƙarƙashinta ƙasa na ɗauke da gurabun duwatsu, kuma gurabun gicciye suka zana. An ɗauke su ɗaya bayan ɗaya an sake musu zama. Kibiyar hanyar dama kuwa an kwashe ta, an tara duwatsun a gindin sabara.

"Makiyayi da ƙafa zai watsar da su," in ji Sufeto. "Wannan ya san karatun duwatsun."

Suka bi hagu. Hanyar ta mutu a kan gaɓa wadda ruwan damina ya cinye ta ƙasa, sama kamar lafiya, ciki rami. Ga sabon gurbin da ya zube. Saukar ma sai da suka sha wuya, don hanyar awakin da ke kai wa ƙasa a ɓoye take bayan gonar gero, sai wani manomi ya nuna musu.

A dawowa suka tsaya gari shan fura wajen wata tsohuwa, Cima. Ita kuwa bakinta ba ya ajiye magana.

"Mushen yaran nan? Ai nan ya wuni ranar, a zauren maƙwabcina, yana zance da ɗiyar gidan tun azahar har rana ta yi sanyi. Yara can cikin duwatsu, shi nan yana murza gashin baki. Tir!"

Ƙarya ta farko ta faɗi ke nan. Amma Sufeto bai ji daɗi ba ko kaɗan. In Mushe na gari ranar, ba shi ya ɗaure ƙafar ba, saura yaro ɗaya, shi kuwa ya so a ce babban ne. Ya ajiye ƙwaryar furar bai shanye ba.

Sai dai zato ba ya fitar da mutum daga kaso, gobe kuma kasuwa. Ya koma zango ya karɓi usur ɗin Mushe, wai zai gwada shi da igiyar mamaci, ya ce kowa ya koma aikin rijiya. Shi da Tsoho suka zagaya ta bayan gero suka sauka kwazazzabo, suka tsaya gindin aduwar.

"Busa uku," ya ce wa Tsoho. "Da ƙarfinka."

Ƙarar ta tsaga wurin, duwatsu suka amsa ta ko'ina, har ba ka iya cewa ga inda ta fito. Can sama suka jiyo ihun yara, Mushe na kiran su, sun dunguma ta hanyar tsauni. Ashe daga nan ana ji har zango sarai. Sufeto ya runtse ido.

Ba a jima ba gero ya fara motsi. Wani ya keto gona a guje, ya faɗo hanyar awaki ba tare da ya tsaya nema ba, tsakuwa na zubowa a gabansa.

"Ayuba! Ayuba, ga ni!"

Kalla ya yi turus a gaban aduwa, yana haki. Ya dubi Sufeto, ya dubi usur a hannun Tsoho, ya dubi inuwar da ba kowa a cikinta. Ya zauna a ƙasa.

"Ka ce ba ka san wurin ba," in ji Sufeto a hankali.

Yaron bai musa ba. Ya sa hannu cikin riga ya jawo wani usur da ke rataye da zare a ƙirjinsa.

"Na kasa jefar da shi," ya ce. "So nike kawai ya ɓata hanya, in riga shi. Kullum shi ne gaba, a lakwal, a gida, ko'ina. Yamai ɗin nan kaɗai na so. Na juya duwatsu na laɓe. Ban san gaɓar ta ruɓe ba, na rantse. Da na ji faɗuwarsa na yi ta neman hanya har na sauko. Na jawo shi inuwa, na ɗaure ƙafar yadda aka koya muna."

"Sai me?"

"Sai ya ce, 'Kalla, kai ka juya alama. Sai na gaya ma Mushe, sai na gaya ma Inna.' Yana laluben aljihu da hagu zai busa. Na riƙe hannun, na kwance usur ɗin. Na ce in na kai zango na huce zan kawo mutane."

"Ka kawo su?"

"Na isa yara suka ɗaga ni sama, wai na ci. Na ce bari a jima. Bari a jima." Ya kifa kai a ƙasa. "Da ina hawa yana ta kirana. Ba zagina yake ba. Cewa yake in dawo, ya fasa faɗa."

Tsoho, wanda ya ga abubuwa da yawa a aikin gardi, ya juya baya yana share ido da hularsa. Kai, duniya! Yaro ya iya ɗaure ƙafa tsaf, ya kuma iya tafiya ya bar mai ƙafar.

Da hantsin ranar kasuwa aka buɗe wa Jika ƙofa. Ba wanda ya ba shi haƙuri sai Sufeto. Ya tambayi inda shanunsa suke, aka ce ba a sani ba, ya kama hanya yana ɗingishi. Mushe Yusufu kuma Kumandan ya karɓe ƙyallen wuyansa, ya ce ya jira hukunci.

Kamiyon Tawa na ruri a ƙofar bariki, Mairamu ta zo ta tsaya don ta ga tafiyar wanda ya kashe mata ɗa. A hannunta akwai ƙullin dawo da ta kawo wa Kalla, don ta ji an ce yaran sun dawo ba su ci kome ba.

Tsoho ya fito da shi, igiya a ƙugu.

"Sufeto, kun yi kuskure," in ji ta. "Wannan ai Kalla ne. Wannan nawa ne."

Sufeto ya buɗe tafin hannunta ya sa mata usur ɗin Ayuba, ya mayar da shi a farar igiyarsa. Ta dube shi, ta san shi, don ita ta kitsa igiyarsa. Ta ɗaga kai ta dubi Kalla.

"Inna," ya ce.

Aka ɗora shi, kamiyo ya ja. Mairamu na tsaye, usur a hannu ɗaya, dawo a ɗayan, ba ta miƙa ba, ba ta kuma yar ba.