Ɗan Ƙarfen da Auta Ta Cire

Auta yarinya ce mai son tsabta. Shi ya sa Malama ta ba ta sharar ɗakin kwamfuta ranar Laraba.

Ta share ƙasa, ta goge tebura. Sai ta hango wani baƙin akwati a bisa wata kanta. Fitilunsa koraye suna ƙyaf-ƙyaf, wayoyi duk sun harɗe a jikinsa.

"Kai, wannan hargitsi haka!" in ji Auta.

Ta zare wata siririyar waya, ta naɗe ta tsaf. Ta kuma zaro wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa daga ramin da wayar ta fito. Ta ɗauka tarkace ne, sai ta jefa shi a gwangwanin biro.

Ran nan ajinsu zai yi gasar kacici-kacici da wata makaranta ta hanyar kwamfuta. Mako biyu suna shiri. Kowa ya zauna, amma ko hoto bai fito ba.

Malama ta duba bayan kwamfutoci, lafiya lau. Ta je wajen akwatin, ta tsaya cak.

"Wa ya taɓa nan?"

A hankali Auta ta ɗaga hannu.

"Ni ce, Malama. Gyarawa na yi."

Ta kawo ɗan ƙarfen, idonta ya cika da ƙwalla.

"Share hawayenki, zo ki gani," in ji Malama. "Kowace kwamfuta tana da 'yar ƙofa a bayanta, inda ake soka waya. Ta nan take magana da akwatin nan. Shi kuwa ɗan ƙarfen nan, shi ne bakin akwatin da kunnensa. Yana mai da saƙonmu haske, ya aika ta siririyar waya. In haske ya zo daga can, ya mai da shi saƙo."

Auta ta dafe kai. "Ashe baki da kunne na cire masa!"

Aji ya kwashe da dariya, har Malama.

Malama ta mayar da ƙarfen, ta ce Auta ta soka wayar da hannunta. Ƙas! Fitila ta kama. Sai ga yaran can a allo suna ɗaga hannu.

Amma zagayen farko ya riga ya wuce. Maki biyar sun tafi a banza. Ajinsu ya dage, aka tashi kunnen doki.

Da aka tashi, Auta ta ba 'yan ajin haƙuri. Babbar ƙawarta ta dafa kafaɗarta.

"Ya wuce. Amma don Allah kar ki zo gyara mana talabijin a gida!"

Auta ta yi dariya. Malama ta ce, "Kin kyauta da kika faɗi gaskiya, ta sa muka gano matsalar da wuri. Amma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Abin da ba ki san aikinsa ba, ki yi tambaya kafin ki taɓa."

"Na ji, Malama," in ji Auta. Ta tafi gida da murna, tana ɗokin ba Mama labari.