Filasta a Damtsen Auta

Jikokina, ƙanwata ce ta fara ba ni labarin nan, don katanga ɗaya ce ta raba ta da gidan su Auta.

Auta mai ɗinki ce, ciwon gaɓɓai ya kama ta tun da ƙuruciya. Da safe yatsunta kan sandare, sai mijinta, wani kafinta mai sanyin hali, ya gasa mata su da ruwan ɗumi, ya zura mata zare a keke.

"Kai ne yaron shagona," takan ce.

"To uwar ɗakina, a sallame ni in tafi nawa aikin?"

Da magani ya karɓe ta, likita ya ce ƙwayoyin suna rage wa jiki ƙarfin kare kansa, gara a yi mata rigakafin ciwon huhu. Mahaifiyarta na ji ta taho, mayafi a hannu, ta tari mijin.

"Ba za a yi ba! Da ƙyar ciwon nan ya kwanta, za ku tashe shi da allura? Ni na yi jinyarta tana ihu, ba kai ba!"

"Mama, ai likita ya ce—"

"Likitan ne ya haife ta?"

Ita ma Auta tsoron take ji, kada yatsun su sake murɗewa. Ranar allurar Mama ta ce ita za ta raka ta. A kemis suka tsaya, aka sayi filasta, Mama ta manna mata a damtse, suka juyo gida.

Da yamma kafinta ya hana ta ɗaukar ko kofi. "Sori, jarumata, sannu!" Kowace sannu sai ta ji ta har cikin ƙirji.

Bayan wasu watanni tari ya sarƙe ta, numfashi ya gagara. A asibiti likita ya tambaya ko an yi allurar.

"An yi, na ga wurin," in ji mijin.

Auta ta janye robar iska daga hancinta, hawaye na zuba. "Ba a yi ba... filasta ce kawai. Ka yafe mini."

Mijin ya miƙe. Ya fita baranda ya sha kukansa, ya dawo ya ci gaba da jinya. Ta tashi, amma har yau ba ta hawa bene sai ta huta a hanya.

Jikokina, tsoro ba laifi ba ne. Laifin shi ne ku ɓoye shi ga mai ƙaunarku, ku hana likita ya yi muku bayani.

Ranar da likita ya ce yanzu ana iya yin allurar, Mama ta juya ta koma gidanta. Washegari da sassafe ta zo ta buga ƙofa, idanu a kumbure.

"Auta, ɗauko mayafinki. Kai ma taso, ɗana, a gabanka za a yi."