Kwalbar Da Ba Ta Cika Ba

A wurin aiki Zafin-nama suke ce mata, don ko shayi a tsaye take sha. Aikinta ɗebo ƙasa a kwalba a kai ɗakin gwaji, a duba ko mai ya gurɓata ta. Ranar nan kuwa aikin ya biyo ta har gida, tsohon gidan man da ke bayan katangarsu. Tankin dizal da aka binne tun ba a haife ta ba an tono shi an ɗauke, ya bar ƙaton rami. Rijiyar Mama ta fara wari, autansu kullum ciwon ciki. Mai filin ya rantse ba mansa ba ne, kuma gobe da safe zai sa a cike ramin a zuba kankare. In ba ta ɗebo ƙasar gindin katanga yau ba, shi ke nan, babu shaida.

"Rana fa ta kusa faɗuwa, ranki ya daɗe," in ji direban ofis, yana kishingiɗe a mota. "Ko sai na kawo miki katifa?"

"Kai dai kunna mota, sarkin barci. Yanzu zan fito."

Ta sauka ta tsani. Ƙasan ramin sanyi, ga wari mai hawa kai. Ƙasar baƙa ce wuluk, tana maiƙo a safar hannu. Ogansu ya sha faɗa mata: a cika kwalba taf, a danne, kada a bar sarari ko na farce, in ba haka ba man ya tsere gwaji ya lalace. Ta san wannan sarai. Amma sauro ya dame ta, ƙasar kuma tauri kamar ta yi rantsuwa. Ta zuba rabi, ta ce ai wannan ma ya isa, ta murɗa murfi.

Ta sa ƙafa a tsani ke nan sai ta ji ana ƙwanƙwasawa.

Ƙwang. Ƙwang. Irin ƙarar tankin da ba komai a cikinsa. Alhali tankin ma babu shi.

Ta tsaya. Sauron ya ɗauke ɗif. Ko ƙarar motar ba ta ji.

"Sannu da aiki," aka ce a hankali, dab da kunnenta.

Ta waiga. Ƙasa ce kawai.

"Kun ɗauke mana ɗaki. Mun daɗe a ciki."

Kwalbar ta yi nauyi a hannunta, ta yi ɗumi. Ta ɗaga ta. Can sama, inda ta bar sarari, gilashin ya yi tururi. A cikin tururin ga shatin 'yan yatsu ƙanana. Daga ciki.

"Mun gode da kika rage mana wuri. Ina za ki kai mu?"

Bakinta na ta addu'a, sauti ba ya fita. Hannunta ya ɗaga da kansa zai yi jifa da kwalbar. Sai ta tuna auta a duƙe yana riƙe da ciki. Kwalba ɗaya ta rage mata, ita ce wannan.

Ta durƙusa. Ta buɗe murfin.

Warin ya buge ta har hawaye. Ta damƙo ƙasa ta cusa. Ta ƙara. Ta danna da babban yatsa.

Wani abu ya danno daga ciki.

Ta danne da ƙarfi, ta ƙara ƙasa, ta ƙara, har ta zubo a bakin kwalbar. Ta murɗa murfin sai da hannunta ya yi ƙara.

Shiru.

"To mu kuma sai ina?" aka ce.

Yadda ta hau tsanin ba ta sani ba. Takalminta ɗaya yana can, wani abu ya riƙe shi. Direba ya buɗe baki zai yi tsiya, ya kalli fuskarta, ya ja mota kawai.

Gwaji ya nuna dizal ne. Aka tilasta wa mai filin ya kwashe ƙasar, ya jawo musu famfo. Auta ya warke, har ya yi kumatu. Ita kuma yanzu a ofis sai an jira ta, tana nan tana danne kwalba kamar mai ɗinki.

Rijiyar Mama kuwa aka zuƙe ruwanta tas, aka ɗora mata murfin ƙarfe. Zafin-nama ta roƙa a cike ta da ƙasa har baki. Mama ta ce, "Ke dai da rigima. Ba an rufe ba?"

Jiya da yamma Zafin-nama ta fita kwashe shanya. Igiyar ta bi ta saman rijiyar.

Ƙwang. Ƙwang.

"Sannu, maƙwabciya," aka ce. "Wannan ɗakin ya fi wancan faɗi."