Mai Kallon Ɗakin Yara

Da Sufeto ya isa gidan renon, takalmin yarinyar na nan a bakin ƙofar baya, ƙafa ɗaya. 'Yar shekara uku ce, ana kiran ta Mimi. Mai reno ta shiga kicin ɗumama madara kamar kullum bayan azahar, ta dawo babu ita.

"Wanda ya ɗauke ta ya san lokacin da kike fita," in ji Sufeto. Ya ɗaga kai ya ga kyamara a kusurwar silin. "Wa ke kallon wannan?"

"Iyaye, ranka ya daɗe. A wayoyinsu."

Aka kira injiniyan da ya haɗa kyamarar da sabar, wato na'urar da ke tura bidiyon. Mutum ne mai son a ji Turancinsa, amma yau gumi ya wanke shi.

"Da can duk mai adireshin shafin a intanet yana iya kallo," ya ce. "Makon jiya na maƙala wa sabar wata manhajar tantancewa. Yanzu kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Baƙo ba ya shiga."

"Idan mutum biyu suka san kalma ɗaya fa?"

Injiniya ya ce, "Na saita ta waya ɗaya a lokaci ɗaya. Na biyu na shiga, sai ta kori na farko. Na manta ban gaya wa iyayen ba."

Sufeto ya bar shi nan, ya nufi wurin uwar yarinyar.

Uwar Mimi na zaune a ofishin shugabar gidan, idanunta sun kumbura. Yayarta na rungume da ita tana share mata hawaye, abin gwanin ban tausayi.

"Bidiyon yana yanke miki?" Sufeto ya tambayi uwar.

"Duk makon nan. Ina tsaka da kallo sai ya wurgo ni waje. Na kira injiniya, ya ce sabis ne."

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Babu kowa. Yaya ce dai ta taya ni sakawa, hannuna da sabulu a lokacin."

"Ni?" in ji Yaya. "Abin da ta faɗa na danna, shi ke nan. Ni da ko saƙo da ƙyar nake turawa."

Sufeto ya lura jakar Yaya na kan cinyarta, ta danne ta da gwiwar hannu tun shigowarsa. Bai so abin da yake zargi ya zama gaskiya ba. Ya juya ga uwar.

"Hajiya, shiga yanzu mu gani."

Uwar ta danna wayarta. Ɗakin yaran ya bayyana, fayau, sai kurtu ɗaya a tsaye. A daidai nan wani ɗan ƙara ya fito daga jakar Yaya.



Sufeto ya miƙa hannu, Yaya ta ciro waya daga jakar ta ba shi. A fuskar wayar an rubuta cewa an fitar da ita, wani ya shiga daga wata waya. Ashe tana zaune a nan tana leƙen abin da 'yan sanda ke yi.

"Ina yarinyar?"

"Tana gidana, tana barci. Ko ƙwarzane babu." Muryarta ba ta ko girgiza ba. Ta juya ga ƙanwarta. "Da kina kwance asibiti wa ya goya ta? Wa ya yaye ta? Kika warke kika karɓe ta kamar aron tukunya, kika kawo wa baƙi, kika bar ni da kallon ta a gilashin waya."

"Yaya..." in ji uwar.

Kurtu ya ɗauko Mimi kafin la'asar, lafiya lau. Ana fitowa da Yaya zuwa mota da ankwa a hannu, uwar ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Yarinyar ta wuce ta da gudu, ta riƙe zanen mai ankwa.

"Mama, ina za ki?"